Wayar da Ta Yi Magana a Ƙofar Mai Gari

Sabon Gari, Gusau
Satumba, 2021

Zuwa ga bawana, Malam Hamza na Tungar Ɗanbaure,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Mairo da yara, da ɗaliban firamaren da kake koya wa abin da kai ma ba ka gama sani ba. Inna tana gaishe ku. Lafiyarta ƙalau, sai ƙafar nan da ke tashi in hadari ya haɗu. Tun da aka datse sabis ɗin waya a jihar nan mun koma zamanin kakana da ƙanwarsa kakarka, shi ya sa ka ga takarda a hannun Bashiru direba.

Ka zauna da kyau kafin ka karanta wannan: na bar aiki. Shekarun da na yi a Abuja ina rubuta manhajar waya sun ishe ni. Da na zo hutun sallah na ga Inna ta miƙa wa matar maƙwabcinmu waya ta danna mata manhajar da ni ɗanta na gina, don ita ba ta gane komai a ciki. Abin ya tsaya mini a rai. Mun iya gina kaya, amma ba mu san mutanen da muke gina wa ba. Don haka na koma jami'a a Kano, ina bincike a kan yadda mutum da na'ura ke fahimtar juna, musamman mutumin da bai yi boko ba. Albashi ya tafi, Inna ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwata da ka.

Ga roƙona. A cikin kwalin nan akwai wayoyi bakwai da ƙaramar sola ta caji. Na sa musu wata manhaja da ba ta buƙatar sabis. Babu rubutu a cikinta, sai hotuna da murya, kuma muryata ce, ka yi haƙuri. Tana bayanin taki da maganin ƙwari da zazzaɓin yara, tana kuma riƙe duk inda aka danna, don in gane inda mutane ke ɓacewa. Ka riƙe ɗaya, ka raba shida ga waɗanda ba su iya karatu ba, maza da mata, bayan ka yi musu bayani sun yarda.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma na kwamitin jami'a ne mai kula da haƙƙin waɗanda ake bincike da su: kada a san wanda ya karɓa. Ko ni lamba zan ba su a littafina, ba suna ba. Amana ce.

Kada ka ce sai na zo da kaina. Ban manta da shekarar da ka aiko mini cewa kana gargarar mutuwa ba, na taso tun daga Abuja na tarar da kai kana gasa masara.

Ubangidanka,
Yazid

*

Tungar Ɗanbaure, ta Kwatarkwashi
Satumba, 2021

Zuwa ga ubangidana marar tuwo, Yazid,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai 'yarmu Sadiya ƙarama da ta yi zazzaɓi, ta kuma warware. Mairo ta ce a gaida Inna, a ce mata ta riƙa shafa man shanu da ɗumi.

Na karanta takardarka a gindin ɗorawar makaranta na yi dariya har hedimasta ya leƙo. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Kai dai ka ƙona naka, ka zo ka tambayi bawanka inda ake sayar da toka. Mutane na neman hanyar Abuja kamar su yi hauka, kai ka juyo da ƙafarka don ka kalli tsofaffi suna danna hoto. Amma a bar wasa, maganar Inna ta taɓa ni. Na san irin kunyar nan, don ni ake kawo wa waya a garin nan in karanta wa mutum saƙon da bai so kowa ya ji ba.

Na raba kayanka. Ban taɓa sanin raba alheri a ɓoye yana da wuya haka ba. Gari ne da in ka yi atishawa a gabas za a ce maka yarhamukallahu daga yamma. Sai na riƙa sa waya a aljihu in shiga gida kamar na je duba marar lafiya. Ga abin da zan iya gaya maka ba tare da suna ba. Hoton kwandon da ka sa don ajiya, kowa ya ɗauka na zubar da shara ne, ba mai taɓa shi. Wata tsohuwa kuma ba ta yarda ta katse muryarka in kana magana, wai rashin kunya ne a katse baƙo, sai ta jira ka gama surutunka duka, sannan ta ce maka madalla. Ita kaɗai ce a duniya ke yi maka wannan ladabin.

Garin dai babu daɗi. An rufe kasuwar mako, an hana sayar da mai a jarka, dawa ta yi kyau amma gonakin nesa sai dai a hango su. Ɓarayin daji sun matso, kowa na kallon ɗan'uwansa da wutsiyar ido, don kalmar da ta fi yawa a bakin mutane yanzu ita ce infoma, wato mai kai wa ɓarayi rahoto. Shi ya sa nake ganin ya kamata a gaida Mai gari da wannan magana. Ba a shiga gari ta bayan gida. In ka yarda in je in gaya masa, ko kuma ka zo da takardar jami'arku mu je tare. Na yi alkawari wannan karon har kai zan gasa wa masarar.

Bawan da ya fi ubangidansa hankali,
Hamza

*

Gusau
Oktoba, 2021

Bawana,

Salamu alaikum. Mun ji daɗin samun sauƙin Sadiya. Inna ta gwada man shanun, ta ce Mairo ta fi likita.

Wallahi takardarka ta fi mini duk littattafan da na karanta a watan nan. Maganar tsohuwar da ba ta katse baƙo, da ita zan buɗe jawabina a gaban malamai. A kamfani da mun ga haka sai mu ce mai wayar ce ba ta waye ba. Yanzu na gane mu ne muka gina abin da ke tilasta wa mutum rashin ladabi. Irin wannan na baro Abuja in nema, kuma karon farko ke nan da na ji ban yi wauta ba.

Maganar Mai gari, ka dakata. In ka je kai kaɗai zai tambaye ka su wa aka ba, kai kuma ba za ka iya yi masa gardama ba, shi ke nan amana ta fashe, kwamiti kuma na iya soke aikin gaba ɗaya. Ka bari in dawo in zo da takarda mu je tare. Gobe zan tafi Kano in kare tsarin binciken, in bai samu karɓuwa ba na yi biyu babu. An dawo mana da sabis a cikin Gusau, na ji ku har yanzu shiru. Duk abin da ka aiko, Bashiru ya ajiye wurin Inna.

Yazid

*

Tungar Ɗanbaure
Oktoba, 2021

Ranka ya daɗe ubangidana, sarkin masu baki,

Salamu alaikum. Jikinmu lafiya. Ina fatan Kano ta karɓe ka, malamai sun tafa maka.

Albishirinka. Ka yi suna a Tungar Ɗanbaure, ka kuma ja wa bawanka sarauta. Ranar Talata da hantsi ɓarayi suka kwashe mutum huɗu a gonakin bayan dutse, har da Garba mai awo, wanda bai fi sau biyu ya je gonar ba a daminar nan. Kowa ya ce lallai akwai wanda ya nuna. Da la'asar aka taru a ƙofar Mai gari ana jajantawa, an yi tsit, liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Sai kawai ga muryarka daga aljihuna, tangaran: "Sannu da aiki! Kwana biyu ba ka neme ni ba. Akwai sabon labari?"

Ba ka gaya mini ka koya wa abar nan yin magana da kanta in an ƙyale ta ba. Na san halinku ne na mutanen kamfani, ba ku son a manta da ku. To ba a manta ba. Shugaban 'yan sa-kai, masu tsaron garin nan, ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam Hamza, wagga wace irin waya ta da ka magana, duk Zanhwara babu sabis? Kuma wane labari a shika biɗa?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na nuna musu hoton taki da na sauro. Wani ya ce ai ya taɓa jin wannan muryar ta kan katanga a wata unguwa, wani ya ce an ga ina shiga gidaje ba dalili, wani ya tuna cewa a kan dutse akan tsinci sabis ɗin wata jiha. Aka je gidana aka samu kwalayen waya bakwai, waya kuwa ɗaya, ta aljihuna. Ka ga lissafin da ko ɗan aji ɗaya zai iya. Yanzu sunana Sarkin Infoma, yara sun daina zuwa ajina, na samu hutun da gwamnati ba ta ba ni ba.

Suna son sunayen mutum shidan. Ban faɗa ba. Mai gari ya kira ni gefe ya ce, "Na san ka, na san ubanka. Amma yanzu ba ni ɗai ad da garin ba. Mai wayoyin shi taho da bakinai da takardatai kahin Juma'a ta sama."

Don haka ka zo, ranka ya daɗe. In ba ka zo ba za ka rasa bawa, ka san kuwa irina tsada gare su. Ka zo kafin Juma'ar.

Sarkin Infoman Tungar Ɗanbaure,
Hamza

*

Gusau
Nuwamba, 2021

Mai martaba Sarkin Infoma,

Salamu alaikum. Allah ya ja zamanin sarki. Jiya na dawo na tarar da takardarka, na karanta wa Inna wurin da waya ta katse liman, ni ina dariya ita tana salati. Allah ya kuɓutar da Garba da sauran. Wannan kam ya ɓata mini rai.

An karɓi tsarin bincikena. Sun yi ta tambaya a kan tsohuwar nan taka. Maganar tunatarwa kuwa ka yi gaskiya, tsohon hali ne, a kamfani duk manhajar da ba ta kiran mai ita ba ta ƙare ba. Zan cire ta. Ka ga ma wani babi ke nan.

Amma bawana, wannan karon ka ƙara wa labarin gishiri fiye da na gargarar mutuwa. Kai da kowa a garin nan ya bi ta ajinka ko ɗansa ya bi, wa zai ce maka infoma? Na gane masara ta ƙare, sabuwar dawa ce kake son in zo in ci. Zan zo, amma sai takardar jami'a ta fito da hatimi, an ce mako mai zuwa. Juma'ar taka ina jin jibi ce, ka ba Mai gari haƙuri. Sunaye dai kada ka faɗa.

Ubangidanka da ba a yi masa wayo sau biyu,
Yazid

*

Tsafe
Nuwamba, 2021

Yaya Yazid,

Salamu alaikum. Ni ce Mairo. Muna Tsafe gidan yayana, bayan tasha. 'Yan sa-kai sun kama Malam ranar Asabar da safe, sun ɗaure shi a gindin ɗorawar makaranta, a gaban mutane. Mai gari ne ya karɓe shi da kyar bayan azahar, ya sa mu a mota da kayan jikinmu. Hannunsa na dama ya karye wuri biyu, an yi ɗori. Yana cin abinci kaɗan.

Ranar Juma'ar tun safe yake bakin hanya da wankakkiyar riga, duk motar da ta tsaya sai ya miƙe. Takardarka ta zo da yamma. Ya karanta ya ninke.

Bai san na rubuto ba.

Mairo

*

Gusau
Nuwamba, 2021

Hamza,

Salamu alaikum. Ya jiki? Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Na zo Tsafe sau biyu, yayan Mairo ya ce kana barci. Na san ba barci kake ba, kuma ban ga laifinka ba.

Na je Tungar Ɗanbaure da takardar, da hatiminta da komai. Mai gari ya sa aka karanta masa, ya juya ta, ya miƙo mini. Ya ce da wannan ta zo a lokacinta da ta yi magani, yanzu kuwa waɗanda suka ɗaure ka ba za su yarda sun ɗaure marar laifi ba, don in sun yarda ba su da sauran fuskar tsaron gari. Ya ce in shiga mota kafin a gane muryata. Na ga gidanka da kwaɗo. Na ga dawarka a tsaye, tsuntsaye na ci.

Na sake karanta takardarka ban san sau nawa ba. Komai yana ciki, ka faɗa har sau biyu. Ni da na bar aiki don in koyi sauraron mutane, na kasa jin ɗan'uwana. Baƙin cikin da nake ciki ban taɓa shiga irinsa ba. Na rubuta wa malamina cewa zan ajiye binciken. Ka gaya mini abin da zan yi, ko mene ne.

Yazid

*

Tsafe
Disamba, 2021

Malam Yazid,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi, mai ɗori ya ce yatsun dama sai a hankali, in za su dawo. Mairo da yara lafiya. Sadiya na tambaya yaushe za mu koma gida, na ce mata sai an gama gyara. A gaida Inna. Na ga garin kunun da ta aiko, Allah ya saka.

An dawo da sabis, na ga kiranka. Ban ɗauka ba don ba na son jin muryar tukuna. Ba ƙiyayya ba ce. In na ji ta sai in ji ni a ƙofar Mai gari.

Ka tambayi abin da za ka yi. Da farko kada ka ɗora wa kanka duka. Tun muna yara ba mu taɓa gaya wa juna magana a miƙe ba, haka aka haife mu muka tarar, ɗan mace da ɗan namiji. Ranar da na zauna rubuta maka waccan takardar, na so in rubuta cewa ina jin tsoro, sai na ga ban san yadda ake gaya maka haka ba. Na rubuta da harshen da muka saba, kai ma ka karanta da kunnen da ka saba. Amma maganar Mai gari na gaya maka ita a miƙe tun farko, ka ce in dakata. Wannan taka ce, ka riƙe ta.

Sunayen ban faɗa ba. Kada ka gode mini, ba don kwamitinku na yi ba. Da igiya ta shiga jikina na manta akwai wata jami'a a duniya. Abin da na gani shi ne, duk wanda na ambata, gobe shi ne a gindin ɗorawar. A cikinsu akwai mai takaba, akwai tsohuwar da ke ce maka madalla. Uku daga cikinsu suna tsaye a wurin suna kallo, ba wanda ya ce uffan, kuma da ni ne su da haka zan yi. Bashiru ya kawo mini goro ƙulle a leda, wai wata tsohuwa ta tare motarsa ta ba shi, ba ta faɗi sunanta ba. Shi kaɗai ne abin da ya biyo ni daga garin da aka binne cibiyata.

Wayoyinka kada ka sa rai. Ina jin wasu na cikin masai, wasu na ƙarƙashin turɓaya. In batirinsu bai mutu ba, suna can suna tambayar ƙasa ko akwai sabon labari.

An sako Garba mai awo bayan an sayar da gonarsa. An ce da ya dawo ya ji labarina ya ce Allah ya isa. Ban san wa yake nufi ba, kuma wannan ya fi hannun ciwo. Nan Tsafe ma maganar ta riga ni isowa. Na je wata makaranta neman koyarwa, hedimastan ya yi mini fara'a har ya ji daga inda na fito.

Binciken kuwa kada ka ajiye. In ka ajiye, hannuna ya karye a banza, kai ka koma Abuja ka ci gaba da gina abubuwan da ke magana a inda ya kamata su yi shiru. Ka gama shi. Ka rubuta cewa kafin a tambayi inda mutum zai danna, a fara tambayar wa ke tsaye kusa da shi, da abin da garinsu ke tsoro a wannan shekarar.

Roƙona ɗaya ne. Ka ce a littafinka kowa lamba za ka ba shi. Mutum shidan nan ka ba su lambobinsu, ka ɓoye su da kyau. Ni kuwa kada ka ɓoye ni. Ka je ka gaya wa kwamitin naku ni na ce. Ka rubuta Hamza Muhammad Sani, malamin aji huɗu, Tungar Ɗanbaure, ka rubuta abin da aka aike ni da wanda ya aike ni, da Hausa, yadda za a iya karanta wa Garba. Gida da gona na bar wa Allah. Sunan nake so Sadiya ta tarar da tsabta in ta girma.

Wannan ba wasa ba ne.

Hamza